Littafin bashin Baba bakanike: a bi ko a bari?

Babban ɗan marigayi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya mahaifinmu ya cika kwana arba'in da rasuwa. A madadin Umma da Anti da ƙannena ina godiya ga duk wanda ya tako ya zo gaisuwa, da waɗanda suka bugo waya, da matasan layinmu da suka tsaya tun daga haƙa kabari har naɗe tabarmi. Allah ya bar zumunci.

Wata magana ce ta hana ni barci, shi ya sa na kawo ta nan, tunda yawancinku kun san Baba tun kafin a haife ni. Da muka buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardu a gareji, sai muka tarar da littattafai uku irin na 'yan makaranta, baƙin mai duk ya cinye bangonsu. Bashin da yake bin mutane ne, tun daga 1991 har zuwa watan da ya kwanta. Babu sunan mutum ko ɗaya a ciki. Mota yake rubutawa: "Pijo fara ta tasha, kuloci, saura 350." "J5 mai ɗaukar tumatir, ringi da gasket." "Golf ja, famfon mai." Wasu ya ja musu layi, wasu ya zagaye su, da yawa kuma suna nan haka.

Ni a raina a rufe littattafan nan, a ce an yafe, ladan ya je masa. Mai bi mini ya ce sam, haƙƙin gida ne, a bi. Ba ma so mu fara saɓani a kan mutumin da bai taɓa barin mu kwana da fushin juna ba. Ku ba mu shawara.

Tsohon direban Kano zuwa Kaduna:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Shekara talatin da wani abu motata ba ta san hannun kowa ba sai nasa. Lokacin da Pijo 504 mai dogon bodi ke mulkin hanya, mukan yi sawu biyu a rana, kuma duk direban da ke tashar nan ya san in injinsa ya fara tari, wurin Baba zai dosa. Ba ya buɗe bonet da gaggawa. Sai ya ce ka tayar, ya tsaya ya karkata kai, ya ce "taka totur", ya ce "saki". Daga nan zai faɗa maka kafireta ce ko fulogi ne ko kwantak ne ya cinye. Sau nawa na je da niyyar a sauke inji, ya ɗaure mini waya ɗaya ya ce in tafi, bai karɓi ko sisi ba. Wani bakaniken da ya sauke injin ya ci kuɗin mako guda.

A yafe kawai. Shi da kansa da yana son kuɗin da ya bi su yana da rai.

Maƙwabciyarsu ta jikin katanga:
Allah ya gafarta masa. Ni ba ruwana da maganar mota, mutumin gida na sani. Shekara ashirin da shida muna katanga ɗaya, ban taɓa jin muryarsa a sama da ta matansa ba. Ana kiran magariba za ka ji ƙarar babur ɗinsa, ya tsaya a bakin famfo ya wanke hannu da kalanzir sannan da omo, sau biyu sau uku, don kada ya taɓa yaran da baƙin mai. Duk da haka ƙasan farcensa bai taɓa fari ba. In ya sayo atamfa turmi biyu yake sayowa iri ɗaya, ya ba yaro ya kai wa kowacce ɗakinta a lokaci guda. Da Umma ta yi jinyar ƙafa wata uku, shi yake dama mata kunu da asuba kafin ya fita, mu mata muna cewa a bar mana, ya ce ai ita ta dama masa shekara talatin.

Malamin Islamiyyar unguwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi masa rahama, ya ba ku haƙuri. Niyyarka mai kyau ce ɗana, amma akwai gyara. Daga ranar da mutum ya cika, abin da ya bari ya tashi daga nasa ya koma na magada, har da bashin da yake bin mutane. Tsarin kuwa sananne ne: a yi masa sutura daga dukiyarsa, a biya bashin da ake binsa, a zartar da wasiyya in ya bari matuƙar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba gado. Tunda akwai 'ya'ya, matan biyu za su raba tumuni, wato ɗaya cikin takwas, sauran kuma na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu.

Kai babba kana da ikon yafe naka kason. Umma da Anti kowacce tana da ikon yafe nata, in da son ranta ne ba don kunya ba. Amma na san akwai yara biyu a ɗakin Anti da ba su balaga ba. Waɗannan marayu ne, babu wanda ya isa ya yi kyauta da haƙƙinsu, ko kai, ko mahaifiyarsu, ko kawunku. Mai bi maka bai yi laifi ba.

Tsohon direban Kano zuwa Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, ban ja da kai ba. Amma yaya za a bi bashin da babu suna? Farar Pijo nawa ce a Kano a 1991? A lokacin masana'antar Pijo ta Kaduna tana ta zubo su tun 1975, gwamnati Pijo, ɗan kasuwa Pijo, tasha Pijo. Wa za a kama?

Babban yaron gareji:
Salamu alaikum. Ni ne na fi kowa daɗewa a hannun Oga cikin waɗanda suka rage. Mahaifina ya kai ni wurinsa ina shekara goma sha biyu, ya yaye ni bayan shekara bakwai, na buɗe nawa, amma ba a yin kwana uku ban leƙa ba. Littafin nan na san shi, sau da yawa ni nake ɗauko masa biro.

Layi yana nufin an biya. Zagaye yana nufin ya yafe. In ya ji mai motar ya rasu, ko motar ta yi haɗari, ko ya ga mutumin ya karye, sai ya ce "ɗauko littafi", ya zagaye, ya ce shi ke nan. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, direbobi da yawa suka jingine motocinsu. A mako guda na ga ya zagaye kusan shafi biyu, alhali mu ma garejin ya bushe, wata rana ko mota ɗaya ba ta shigowa.

Wanda bai ja wa layi ba bai zagaye ba, wannan yana jiran kuɗinsa. Kada wanda ya ce muku Oga bai damu ba. Ya damu. Kunyar tambaya ce kawai take hana shi. Motocin shekara goma sha biyar ɗin nan kusan duka na san masu su. Na da can kuwa sai dai a tambayi manya.

Malamin Islamiyyar unguwa:
Madalla da wannan bayani. To an samu sauƙi. Abin da ya zagaye da hannunsa yana da rai da lafiya, ya fita daga gado, ba a sake tayar da shi. Magana ta rage kan waɗanda ya bari a buɗe.

Injiniya, ɗan layin baya:
Ku yi mini afuwa, zan faɗi abin da ba zai yi wa wasu daɗi ba, kuma Allah ya sani ina ƙaunar Baba, shi ya koya mini riƙe sifana kafin in shiga jami'a. Muna ta yabon kunyarsa, amma kunyar nan wa ta cuta? Mutum ya yi shekara kusan hamsin yana kwanciya ƙarƙashin mota, bayansa ya lalace, idonsa ya raunana, ya rasu filin garejinsa na haya ne. Masu motocin da ke cikin littafin nan wasu sun gina gidaje, wasu sun je Makka ba sau ɗaya ba. Mutum zai shiga shagon kayan gyara ya biya lakadan ba ya ko neman ragi, ya zo wurin bakanike ya ce "sai na dawo". Me ya sa kullum ladan hannu ne ake ɗagewa?

In aka yafe littafin nan gaba ɗaya, me aka koya wa yaran da ke garejin yanzu? Cewa guminsu abin da ake biya ne in an ga dama. Ni na goyi bayan a bi, kuma ba don marayu kaɗai ba.

Maƙwabciyarsu ta jikin katanga:
Injiniya, mutumin da ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, ya yi wa kowacce kayan ɗaki ba tare da ya roƙi kowa ba, gidan da yake ciki nasa ne, ba za a ce ya tashi a tutar babu ba.

Injiniya, ɗan layin baya:
Gaskiya ne Inna, ban ce ya tashi a banza ba. Na ce an ci guminsa. Lokacin da motoci masu injekta da kwamfuta suka cika gari, ya ce mini yana son sayen na'urar da ake jonawa ta faɗi ciwon mota, don yaransa su koya kada zamani ya bar su. Shekara biyu yana maganar kafin ya iya saya. Kuɗinta yana cikin littafin nan ninki ba adadi.

'Yar marigayi ta uku:
Yaya, tun ɗazu nake karantawa ina kuka, bari in ce wani abu. Ni ce nake yi wa Baba lissafi ranar Juma'a da yamma lokacin ina sakandare. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya rubuta sunaye. Ya ce garejin yara ne da yawa, littafi kuma yana iya faɗawa hannun kowa, ba ya so yaro ya ga sunan dattijo ya raina shi a hanya. Wannan amsar ba ta taɓa fita daga raina ba.

Da na samu makarantar koyon jinya, kuɗin rajista ya gagara. Yana da wata 504 da ya haɗa da hannunsa daga motoci biyu da suka mutu, shekara uku yana haɗa ta, ranar sallah kaɗai muke shigarta mu je gaida Gwaggo. Ya sayar da ita a kwana biyu, ya koma kan babur, bai sake mallakar mota ba har ya rasu. Littafin nan yana cikin akwatinsa a lokacin. Bai buɗe shi ya bi kowa ba, motarsa ya sayar. Na ce masa Baba ga mutane kana binsu, ya ce wanda yake da shi ya san hanyar gareji.

Don haka ni nawa kason na yafe. Amma na yarda da Malam kan ƙannenmu. Abin da nake roƙo ɗaya ne: ko za a bi, kada a bi ta hanyar da za a tona asirin da shi ya rufe shekara talatin. Kada a karanta sunan kowa a zaure, kada a aika yaro ƙofar gidan kowa.

Mai kayan gyara a Kofar Ruwa:
Allah ya jiƙan Baba. Akwai abin da ba ku sani ba, Injiniya ma ya ɗan kuskure a nan. Ba ladan hannu kaɗai ne a littafin ba. Direba zai zo ba shi da kuɗin kaya, Baba ya aiko yaro wurina da 'yar takarda, in ba da faifan kuloci ko shokazoba ko lagireto da sunansa. Ni Baba na sani, ban san direba ba. Ƙarshen wata zai zo da kansa ya biya ni, ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Wato kuɗin aljihunsa ne ya fita. Kuma bai taɓa yarda in ba shi jabu ba. In kaya na Baljiyam ne, wato na hannu, ya ce wa mai mota na Baljiyam ne, in sabo ne ya nuna masa kwalin.

Ya rasu ina binsa kuɗin kaya na wata biyu. Na yafe, duniya da lahira. Ku cire shi daga lissafi.

Malamin Islamiyyar unguwa:
Allah ya saka maka da alheri Alhaji. Naka ne, kana da iko, kuma ka sauke masa nauyi babba. Ɗana, ku yi cigiya ko akwai wani mai binsa, wannan shi ne gaba da komai.

Babban ɗan marigayi:
Alhaji, ba mu da bakin godiya. Mun yi cigiya ranar uku da ranar bakwai, mai filin gareji kaɗai ya fito da hayar wata huɗu, mun biya.

Malam, ga wata tambayar. Wanda Baba ke bi naira 350 tun 1991, in ya fito yau, nawa zai biya? A lokacin kuɗi ne na gaske, yau ko kwanon abinci ba za su saya ba.

Malamin Islamiyyar unguwa:
Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne ana biyan adadin da aka ci, ba a ɗora wa mutum ƙari saboda daɗewa, don kada a faɗa riba. Ku ba za ku ce masa ya ƙara ba. Amma in shi da kansa ya ga dama ya kyautata, wannan abin so ne. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya kuma yabi masu kyautata biya. Wanda kuma yake cikin ƙunci da gaske, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Ayar rubuta bashi, ta 282, tana nan kusa da ita, kuma mahaifinku ya yi aiki da ita gwargwadon iyawarsa.

Injiniya, ɗan layin baya:
To ai ka ji. Wanda ya riƙe naira 350 shekara talatin da wani abu, ya kawo 350 yau ya ce ya biya, shari'a ta sallame shi, amma shi ya san abin da ya yi.

Babban yaron gareji:
Ina da tawa damuwar da ba wanda ya taɓo. Akwai yara shida a garejin da ba a yaye ba. Biyu saura musu 'yan watanni, ƙaramin cikinsu kuwa bara aka kawo shi daga ƙauye, a ɗakin zauren Oga yake kwana, a kwanon gidan yake ci. Tun rasuwar suna zuwa su share wuri su zauna. Kayan aiki kuma, jak da sarƙar ɗaga inji da akwatin sifanu da na'urar nan, na ji Malam ya ce duk gado ne. In aka sayar aka raba, yaran nan ina za su nufa? Oga ya saba in zai yaye yaro ya haɗa masa sifanu da filaya da sukudireba daga aljihunsa, ya kira iyayensa a yi addu'a, ya kuma tura masa kwastoma biyu ko uku don ya fara. Ni haka ya yi mini.

In magada sun yarda, a yi wa kayan kuɗi, ni in karɓi garejin in riƙa biya a hankali, ko in riƙa ba da haya duk wata, in ƙarasa yaye yaran da sunansa.

Mai kayan gyara a Kofar Ruwa:
Wannan shawara ce. In an tashi yi wa kayan kuɗi a kira mutum biyu daga ƙungiyar makanikai su kimanta, kada a ce ɗan gida ya yi son kai. Ni kuma takardar da Baba yake aiko mini, in kai ka aiko zan karɓa.

Mai bi wa babban ɗa:
Sai yanzu na samu shiga. Yaya, don Allah kada a ɗauka kwaɗayi ne ya sa na ce a bi. Ni nake kai yaran Anti makaranta, na san kuɗin zangon da ke tafe ba a biya ba, ita kuma tana takaba sai ta cika wata huɗu da kwana goma, ko ƙofar gida ba ta fita balle ta nema. Baba bai taɓa barin a koro ɗansa daga makaranta ba, ko sau ɗaya. Abin da na tsaya a kai ke nan. In an samu na yaran, nawa kason ni ma ban riƙe ba.

Babban ɗan marigayi:
Na ji, kuma na fahimce ka, ka yafe mini zafin da na yi maka shekaranjiya. Ga abin da nake gani, Malam ya gyara in na kauce. Littattafan za su zauna a hannun mutum biyu kawai, ni da babban yaron gareji. Ba za mu je gidan kowa ba. Malam zai sanar a masallaci bayan sallar Juma'a cewa duk wanda ya san tsakaninsa da Baba akwai saura, ya same mu a keɓe. Wanda muka gane motarsa kuma muka san yana da hali, ni zan kira shi da kaina in tuna masa sau ɗaya, cikin mutunci. Abin da ya shigo a fitar da na yara biyun tukuna, manya kowa ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Maganar gareji zan kai wa Umma da Anti da Kawu yau da dare.

Injiniya, ɗan layin baya:
Sau ɗaya ya yi kaɗan a ganina, amma gidanku ne. Ni zan riƙa zuwa garejin ranar Asabar in nuna wa yaran yadda ake karanta na'urar, tunda dominsu ya saye ta.

Tsohon direban Kano zuwa Kaduna:
Ɗana, tun da ka rubuta maganar nan na kasa zama. Farar Pijo ta tasha, kuloci, saura 350. Shekarar da matata ta haifi 'yan biyu ce, ban manta ba. Na ce masa sai na dawo daga Kaduna, na dawo, na sake dawowa, shekaru suka tafi, shi bai taɓa ɗaga maganar ba, ni kuma na bar ta ta kwanta. Ɗazu da na ce a yafe, ban tsaya na tambayi kaina ba. Duba mini, ya zagaye ta ko tana buɗe?

Babban ɗan marigayi:
Baba, tana buɗe. Amma da ka bari mun yi maganar a keɓe.

Tsohon direban Kano zuwa Kaduna:
Ba komai, ni na faɗa da bakina. Gobe bayan la'asar ina nan tafe gidan. Ka tambayar mini mai bi maka nawa ne kuɗin zangon yaran nan biyu.